Tarihin Rayuwar Joseph Fourier, Masanin da Ya Lissafa Tafiyar Zafin Rana

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa taka rairayi da azahar ba takalmi, sa'an nan ya tsoma ƙafarsa cikin tafkin da ke gefe, ya san cewa rana ɗaya ce ta bugi rairayin da ruwan, amma ba su ɗauki zafinta daidai ba. Rairayi yana ƙona tafin ƙafa, ruwa kuwa da sauran sanyinsa. In dare ya raba sai al'amarin ya juya, rairayin ya yi sanyi ƙalau, ruwan ya saura da ɗumi. Ɗan Adam ya san wannan tun zamanin kaka da kakanni, yana kuma amfani da shi wajen gina ɗaki da ajiyar ruwa. Amma sai a farkon ƙarni na 19 aka sami wanda ya ɗora al'amarin bisa ma'aunin lissafi, har ya zamana ana iya faɗin yawan zafin da zai isa wuri kaza a lokaci kaza tun ba a auna ba. Wannan mutum shi ne Jean-Baptiste Joseph Fourier, Bafaranshe, wanda ake furta sunansa Furiye.

Furiye maraya ne ɗan tela. An ɗaure shi sau biyu, ya bi rundunar yaƙi zuwa Masar, ya kuma yi shekara goma sha uku yana mulkin lardi. Babban aikinsa na ilmi a tsakanin hidimomin ofis ya yi shi, kuma sai da aka yi shekara goma sha biyar da gabatar da shi sa'an nan ya fito a littafi. Tambaya ɗaya ce ya riƙe tun daga tsakiyar rayuwarsa har ƙarshenta, watau ina zafi yake tafiya bayan ya sauka a kan abu, da wane sauri, kuma yaushe yake fita.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Furiye ranar 21 ga watan Maris na shekarar 1768 a garin Auxerre, wanda ke bakin kogin Yonne, kudu maso gabas da birnin Paris. Mahaifinsa tela ne mai 'ya'ya da yawa da ƙaramin hali. Kafin yaron ya wuce shekara goma da haihuwa uwa da uba duk sun rasu. Hazaƙar da ya nuna ita ta sa waɗansu mutanen gari suka tsaya masa, aka sa shi makarantar soja ta Auxerre a 1780, wadda ke hannun waɗansu 'yan zuhudu na Kirista. Da farko ya fi shahara wajen adabi da iya tsara magana, amma yana kamar ɗan shekara goma sha uku sai lissafi ya kama zuciyarsa. An ruwaito cewa yakan bi yana tsince guntayen kyandir da rana, in dare ya yi abokansa sun yi barci sai ya kunna su ya ci gaba da nazari.

Burinsa shi ne ya shiga rundunar 'yan igwa, domin a zamanin nan can ne masu lissafi suke samun aiki. Amma manyan muƙaman soja na 'ya'yan sarauta ne, ɗan tela ba shi da rabo a ciki komai iliminsa. Saboda haka a 1787 ya shiga gidan 'yan zuhudu na Saint-Benoît-sur-Loire da niyyar zama malamin addini, yana kuma koyar da lissafi a can. Bai kai ga ɗaukar alkawarin zuhudu ba. A 1789, shekarar da Juyin Juya Halin Faransa ya ɓarke, ya bar gidan, ya koma Auxerre ya zama malami a makarantar da ta yaye shi.

Zamanin Juyin Juya Hali

Wanda asalinsa ya hana shi aikin da ya cancanta, ba abin mamaki ba ne ya yi maraba da sauyin da ya rushe fifikon haihuwa. A 1793 Furiye ya shiga kwamitin juyin juya hali na garinsu. To, amma a shekarun nan kashe-kashe sun yi yawa a Faransa, ana fille kan mutum bisa zato kawai. Da aka aike shi birnin Orléans da wani aiki, sai ya tashi a bainar jama'a ya kare waɗansu mutane da ake tuhuma, abin da ya jawo masa fushin masu iko. A watan Yuli na 1794 aka kama shi aka tsare. Cikin wannan watan aka kifar da Robespierre, jagoran masu tsananin, aka kashe shi, aka buɗe gidajen kurkuku, Furiye ya fita da ransa.

A 1795 ya shiga cikin ɗaliban sabuwar makarantar horon malamai da aka buɗe a Paris. A nan ya zauna gaban manyan malaman lissafi na zamanin, watau Lagrange da Laplace da Monge. Cikin wannan shekara aka sake kama shi, wannan karon bisa zargin yana cikin masu tsananin da a dā suka ɗaure shi, sa'an nan aka sake shi. Ya sami aikin koyarwa a makarantar injiniyoyi mai suna École Polytechnique, a 1797 kuma ya gaji kujerar Lagrange a can.

Zamansa a Masar

A 1798 Janar Napoliyon ya ɗauki runduna ya nufi Masar, ya tafi da masana fiye da 150, Furiye na cikinsu. Mamaya ce ta ƙarfin bindiga, mutanen Alƙahira kuwa sun yi mata tawaye a watan Oktoba na shekarar, aka murƙushe su da igwa. Tun ranar 1 ga Agusta jiragen ruwan Ingila suka hallaka na Faransa a Abu Ƙir, suka datse wa rundunar hanyar komawa gida. A wannan hali aka kafa Cibiyar Ilmi ta Masar a Alƙahira, aka naɗa Furiye sakatarenta na dindindin. Shaihin tarihi na Masar, Abdurrahman al-Jabarti, ya ziyarci cibiyar, ya kuma rubuta labarin ɗakin karatunta da gwaje-gwajen da aka nuna masa.

Ban da aikin cibiya, an ɗora wa Furiye al'amuran mulki da na sasantawa da manyan ƙasar. A 1799 ya jagoranci ayarin masana suka bi kogin Nilu zuwa kudu suna auna tsofaffin gine-ginen Fir'aunoni. Ya koma Faransa a 1801 bayan rundunar ta miƙa wuya. Shi ne aka ba aikin rubuta doguwar gabatarwar tarihi ta babban kundin da masanan suka haɗa a kan Masar. An ce tun daga wannan tafiya jikinsa ya daina jure sanyi.

Mulkin Lardi da Fara Binciken Zafi

Furiye ya so ya koma aji, amma a 1802 Napoliyon, wanda ya riga ya karɓi mulkin ƙasa, ya naɗa shi shugaban lardin Isère mai hedkwata a Grenoble, gindin duwatsun Alps. Muƙami ne mai kama da na Razdan, ba shi da halin ƙinsa. Ya riƙe aikin da gaske. A yankin Bourgoin akwai wata makekiyar fadama mai haddasa zazzaɓi, wadda aka daɗe ana son janye ruwanta, gardamar masu ƙasa ta hana. Furiye ya bi garuruwa fiye da talatin yana lallashi har suka amince, aka yi magudanai, fadamar ta zama gonaki. Ya kuma sa aka fara gina hanya daga Grenoble ta ratsa duwatsu ta nufi Turin a Italiya. A nan ne ya san wani yaro mai suna Champollion, ya ƙarfafa masa gwiwa kan nazarin Masar ta dā, wanda daga baya, a 1822, ya warware sirrin rubutun Fir'aunoni.

A ɗan lokacin da aikin ofis ya bar masa ne ya fara gwaje-gwajen zafi. Kayan aikinsa ba su da yawa: sandunan ƙarfe, da dunƙulen ƙarfe, da wani zoben ƙarfe mai faɗin kamar ƙafa ɗaya wanda aka huda a wurare dabam-dabam aka zuba ma'aunan zafi. Yakan kara wuta a gefe ɗaya na zoben, ya jira har zafin ya zauna, sa'an nan ya janye wutar ya riƙa rubuta abin da kowane ma'auni ya nuna, da yadda wuraren zafi da na sanyi suke matsowa kusa da juna har su daidaita.

Halaye Uku na Kowane Abu

Kafin zamanin Furiye, wani masani ɗan Sikotilan mai suna Joseph Black ya riga ya nuna, wajen 1760, cewa abubuwa sun bambanta wajen yawan zafin da suke sha kafin su ɗumama. Wannan shi ake kira ƙarfin riƙe zafi. Bisa awon yau, zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya zai ɗaga kilo ɗaya na busasshen rairayi da kusan digiri 5, na baƙin ƙarfe kuwa da kusan digiri 9. Watau ruwa babban rumbu ne, yana cin zafi mai yawa ba a gani a jikinsa ba.

Abin da Furiye ya yi shi ne ya rarrabe halaye uku da a dā ake cakuɗa su. Na farko shi ne wannan ƙarfin riƙe zafi. Na biyu shi ne sauƙin da zafi ke samu wajen ratsa cikin abu, wanda shi ne dalilin da ya sa ake ɗaure wa ludayin ƙarfe mariƙin itace. Na uku shi ne sauƙin da fuskar abu ke da shi wajen karɓar zafi ko sakinsa zuwa waje, wanda ya danganta da launinta da santsinta da iskar da ke shafarta. Sa'an nan ya kafa doka: yawan zafin da ke ratsa bango yana ƙaruwa gwargwadon bambancin zafin fuskokinsa biyu, yana raguwa gwargwadon kaurinsa. Daga nan ya dubi kowane ɗan yanki na cikin abu, ya ce ɗumamarsa ta danganta ga rarar da ke tsakanin zafin da ya shigo masa da wanda ya fita, a raba da ƙarfinsa na riƙewa. Wannan tunani ya rubuta a ƙa'idar lissafi guda, wadda har yau da ita injiniyoyi ke aiki.

Da waɗannan halaye uku ake gane al'amarin rairayi da tafki. Busasshen rairayi ba ya riƙe zafi da yawa, ba ya kuma barinsa ya nutsa ƙasa da sauri, saboda haka duk abin da rana ta zuba sai ya taru a 'yar fatar sama ta yi zau, da faɗuwar rana kuma ta sake shi nan da nan. Ruwa kuwa haske yana ratsa shi, yana motsi yana gauraya na sama da na ƙasa, wani kaso na zafin yana tafiya cikin tururi, ga kuma girman rumbunsa. Haka nan soron ƙasa mai kaurin bango: zafin tsakar rana yana ɗaukar sa'o'i da yawa kafin ya ratsa, in ya iso ciki ya riga ya raunana, dare kuma ya yi. Rufin kwano kuwa ba shi da kauri balle rumbu, abin da ya karɓa a take yake miƙa wa na cikin ɗaki.

Gardama da Manyan Malamai

Rubuta ƙa'ida daban, warware ta daban. Domin ya warware tasa, Furiye ya zo da wata dabara da ta girgiza masana. Ya ce kowane irin tsarin zafi, komai karkacewarsa, ko da rabin zobe jan wuta ne rabi kuwa sanyi ƙarara, ana iya ɗaukarsa a matsayin jimillar igiyoyi masu hawa da sauka a tsare, kamar igiyar ruwa, waɗansu dogaye waɗansu gajeru. Kowace igiya ana iya lissafa yadda za ta lafa ita kaɗai, gajerun su ne ke riga ɓacewa, sa'an nan a tara amsoshin a sami amsar duka.

Ranar 21 ga Disamba, 1807, ya gabatar da aikin ga majalisar masana kimiyya a Paris. Aka ba mutum huɗu su duba: Lagrange da Laplace da Monge da Lacroix, uku daga ciki malamansa ne. Lagrange, wanda ya fi kowa girma a fagen, bai yarda cewa igiyoyi masu santsi za su iya haɗuwa su ba da siffa mai kusurwa ko mai tsinkewa ba. Aikin bai sami bugu ba. Majalisar ta sa gasa kan wannan batu na yaɗuwar zafi, Furiye ya faɗaɗa aikinsa ya aika a 1811, aka ba shi kyautar a farkon 1812. Duk da haka alƙalan suka haɗa yabonsu da sukar cewa hujjojinsa ba su cika ƙarfi ba, aka ajiye rubutun a ma'ajiyar majalisa shekara da shekaru.

Gaskiyar magana ita ce kowane ɓangare yana da abin kamawa. Amsoshin Furiye sun dace da abin da ma'aunai suka nuna, amma bai kawo cikakkiyar hujjar da za ta nuna yaushe dabararsa take aiki ba. Sai a 1829 wani matashi Bajamushe mai suna Dirichlet, wanda ya zauna da Furiye a Paris, ya kawo hujjar tare da sharuɗɗanta.

Faɗuwar Napoliyon da Komawa Paris

A 1814 Napoliyon ya sauka daga mulki, sarautar dā ta komo, Furiye ya ci gaba da riƙon lardinsa a ƙarƙashin Sarki Louis na 18. A watan Maris na 1815 sai ga Napoliyon ya tsero daga tsibirin Elba, hanyarsa kuwa ta Grenoble ta biyo. Furiye ya rasa tudun dafawa tsakanin tsohon ubangida da sabo, ya fice daga garin kafin isowarsa. Da suka sadu, Napoliyon ya huce, ya ba shi lardin Rhône mai hedkwata a Lyon. Bai daɗe a can ba, domin bai yarda da korar ma'aikata da aka umurce shi ya yi ba, ya rabu da muƙamin tun kafin yaƙin Waterloo na watan Yuni.

Ya isa Paris ba aiki, ba kuɗi, sabuwar gwamnati kuma tana kallonsa a matsayin mutumin Napoliyon. Wani tsohon ɗalibinsa mai suna Chabrol, wanda ke shugabancin lardin da Paris take ciki, shi ya rufa masa asiri ya ba shi ofishin ƙididdiga. A 1816 majalisar masana kimiyya ta zaɓe shi, sarki ya ƙi sa hannu. A 1817 aka sake zaɓensa, sarki ya amince. A 1822 littafinsa mai suna Théorie analytique de la chaleur, watau nazarin zafi ta hanyar lissafi, ya fito, a shekarar kuma ya zama sakataren dindindin na majalisar da ta taɓa danne aikinsa.

Zafin Rana da Doron Ƙasa

Tun da farko Furiye ya bayyana cewa zafin duniya kanta shi ne babban abin da ya sa shi wannan bincike. A 1824 ya buga wata maƙala a kan haka, aka sake buga ta da 'yan gyare-gyare a 1827. Ya ɗauki duniya kamar dunƙulen da ake kara wa wuta ana janyewa, sau ɗaya kowace rana, sau ɗaya kuma kowace shekara. Lissafinsa ya nuna cewa wannan hawa da sauka yana nutsawa cikin ƙasa kamar igiya, yana raunana yana kuma makara gwargwadon zurfi. Bambancin dare da rana ba ya kai zurfin mita ɗaya. Na shekara kuwa yana nutsawa kamar ninki 19 na wannan, domin zurfin yana bin lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da tsawon lokacin, 19 sau 19 kuwa ya kusa kwanakin shekara 365. A wani zurfi ma lokutan juyewa suke yi, ɗumin bazara ya iso can a lokacin da ake sanyi a sama. Ƙasa da nan sauyin yakan ɓace. Akwai shaida a kusa da shi, domin a ramukan da ke ƙarƙashin gidan duban taurari na Paris, masu zurfin mita 28, ma'auni yana tsaye wajen digiri 12 rani da damina. Wannan makara ita ce kuma dalilin da ya sa zafin yini ba ya kai matuƙa da rana tsaka, sai tsakanin azahar da la'asar.

Ya kuma auna zafin da ke fitowa daga cikin duniya. Masu haƙar ma'adinai sun san cewa zafi yana ƙaruwa da kamar digiri ɗaya a kowane zurfin mita 30. Furiye ya nuna cewa duk da haka abin da wannan zafi yake ƙara wa doron ƙasa ɗan ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai ko kusa da digiri ɗaya ba, saboda duwatsu ba sa barinsa ya ratso da sauri. Ashe ke nan yanayin doron ƙasa yana hannun rana da abin da ke karɓar haskenta.

A nan ya kawo tunanin da aka fi tunawa da shi a yau. Duniya tana karɓar zafi mai haske daga rana, tana kuma mayar da shi sama a matsayin zafi marar haske, irin wanda mutum ke ji a fuskarsa in ya tsaya kusa da bangon da ya sha rana bayan magariba. Zafin doron ƙasa yana tsayawa ne a inda shiga da fita suka yi daidai. Domin ya bayyana aikin iska cikin wannan ciniki, sai ya kawo misalin akwatin da wani masani na birnin Jeniba, Horace-Bénédict de Saussure, ya ƙera. Akwati ne da aka shafe cikinsa da baƙi aka rufe bakinsa da gilasai a jere, in aka fuskantar da shi rana zafin cikinsa yakan kai na tafasar ruwa. A 1774 de Saussure ya hau da shi kan dutsen Crammont, ya tarar zafin cikinsa a bisa dutsen kusan ɗaya ne da na gindinsa, ko da yake iskar sama ta fi sanyi nesa. Wannan akwati shi ne kakan murhun dafa abinci da hasken rana da na'urar ɗumama ruwa da ake ɗorawa bisa rufi. Furiye ya ce iskar da ta lulluɓe duniya tana da wani hali mai kama da na gilasan: tana barin zafi mai haske ya shigo cikin sauƙi, tana tare marar haske wajen fita. Ya kuma lura cewa motsin teku da na iska yana rarraba zafi tsakanin sassan duniya, har ya yi hasashen cewa ayyukan 'yan Adam da ke sauya fuskar ƙasa da rabon ruwa suna iya sauya matsakaicin zafin wuri cikin ƙarnuka.

Bai dace a komai ba. Ya zaci sararin da ke tsakanin taurari yana da ɗumi kusa da na ƙuryar arewacin duniya, yana kuma taimaka wa ɗumin ƙasa, alhali yanzu an san sanyinsa ya kai digiri 270 ƙasa da sifiri. Bai kuma san wane ɓangare na iska ne yake tare zafin ba. Waɗanda suka biyo baya su suka cike giɓin. A 1838 Pouillet ya auna ƙarfin hasken rana, ya sami adadin da bai yi nisa da na yau ba, watau wat 1,361 a kan kowace murabba'in mita a saman iska. A 1856 Eunice Foote a Amurka ta nuna cewa iskar kabon dayoksaid ta fi iskar yau da kullum ɗumama a rana. A 1859 John Tyndall a Ingila ya tabbatar cewa wannan iska da tururin ruwa su ne masu shanye zafi marar haske. Da haka ake gane sanyin daren hunturu, sa'ad da iska ta bushe ba tururin da zai tare abin da ƙasa take saki. A 1896 Arrhenius na Suwidin ya lissafa yadda ƙaruwar kabon dayoksaid za ta ɗaga zafin duniya.

Ƙarshen Rayuwarsa

A 1826 aka shigar da Furiye majalisar adabin Faransa, girmamawar da ba kasafai masanin lissafi yake samu ba. Ya yi amfani da matsayinsa wajen taimakon masu tasowa, har da Sophie Germain, masaniyar lissafi wadda ya buɗe wa ƙofar halartar zaman majalisar kimiyya a zamanin da ba a ba mata wannan dama. Bai taɓa aure ba. A shekarunsa na ƙarshe ya yi fama da sanyin ƙashi da ƙuncin numfashi, yana zama a ɗaki mai tsananin zafi cikin tufafi masu kauri ko da bazara. Ranar 4 ga Mayu, 1830, ya faɗi a matakalar bene, ciwonsa ya tsananta, ya rasu ranar 16 ga watan yana da shekara 62. An binne shi a maƙabartar Père Lachaise ta Paris, aka yi wa kabarinsa ado irin na Masar. Bayan shekara biyu aka binne Champollion kusa da shi.

Kammalawa

Amfanin aikin Furiye ya wuce fagen zafi. A 1827 Ohm ya bi sawunsa wajen bayyana tafiyar lantarki cikin waya, daga baya kuma Lord Kelvin ya yi amfani da lissafinsa wajen nazarin wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku. Dabarar igiyoyi da Lagrange ya yi shakka a kanta, da ita ake sarrafa sauti da hoto a rediyo da wayar hannu da na'urorin duba cikin jikin majiyyaci. Sunansa yana cikin sunaye 72 na masana da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel.

Tambayarsa ta asali kuwa ta fi nauyi a yau bisa ga zamaninsa. An san cewa duniya tana mayar da kusan kashi 30 cikin 100 na hasken rana ba tare da ta sha ba, kuma ba domin iskar da ke tare zafi ba, da matsakaicin zafin doron ƙasa ya tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifiri maimakon kamar 15 sama da shi. Kabon dayoksaid da ke cikin iska ya tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420, fita ta kasa daidai da shiga. Kimanin kashi 90 cikin 100 na rarar zafin teku ne yake shanyewa, saboda girman rumbunsa, shi ya sa ɗumamar take zuwa a makare, shi ya sa kuma doron ƙasa yake riga teku ɗumama. Masu lissafin wannan al'amari, da mai zaɓen kaurin bango da irin rufin da zai yi wa ɗaki a ƙasa mai rana, duk da halaye ukun nan da ɗan telan Auxerre ya rarrabe suke aiki.